Faifan da Aka Jefar da Magariba

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya bambanta shi da sauran. Rana ta yi ja ta sauka bayan rufin maƙwabta, inuwar katanga ta cinye tsakar gida, uwargida tana kwashe shanya, Auta kuma tana tsugune a bakin kicin tana ɗauraye kofuna. A ɗakin ƙarshen baranda, wanda a da na Dogo ne, maigidan yana zaune gaban kwamfuta biyu.

Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Yana da ɗan shago a kasuwa, kuma tun yana saurayi ake ce masa Injiniya, har sunan ya bi shi gida. 'Ya'yansa biyu ne, Dogo da Auta. Dogo ya rasu a hatsarin babur daminar da ta wuce, yana dawowa daga makaranta, wayarsa ta niƙe a aljihunsa. Abin da ya bari shi ne 'yan tufafi, da takalmin da babu wanda ƙafarsa ta kai ya sa, da tsohuwar laftop ɗinsa.

Yaro ne mai ɗaukar komai. Ya ɗauki muryar uwarsa tana faɗa a kan famfon da aka bari a buɗe, ya ɗauki ubansa yana minshari, ya ɗauki kansa yana waƙa da wata murya da Auta ke cewa ko jaki ya ji sai ya zo ya ba shi haƙuri. Duk abin da ya ɗauka da waya, a laftop ɗin yake juyewa. Watanni Injiniya ya yi bai iya taɓa ta ba. Ranar da ya yi ta maza ya danna, sai ta nuna masa baƙin allo da layi ɗaya na rubutu, wai ba ta ga hanyar tashi ba.

Wannan ba ciwo ba ne a wajen mai gyara. Akwai abin da ake kira faifan gyara: faifai ne da ake rubutawa a kwamfuta mai lafiya, a saka wa marar lafiyar, ya nuna mata hanyar da ta ɓace mata. Da ta wani ce, da sai ya zare rumbun ajiyarta ya kwashe kayan ciki a wata na'ura. Amma Dogo ya kulle rumbun da irin kullen da ba ya buɗuwa sai a jikin kwamfutar, kuma shi Injiniya ne ya koya masa. Ga ta tsohuwa, ba ta tashi da filash. Saboda haka ya ajiye tasa laftop ɗin kusa da ta yaron, ya zura sabon faifai, ya ba ta umarni.

Koren layi ya fara tafiya a hankali. Da ya kai rabi sai ya tsaya, na'urar ta yi ƙara kamar mai shaƙuwa, ta turo faifan waje. Rubutun Turanci ya fito cewa ba a iya haɗa faifan ba, da wata doguwar lamba a ƙarshe.

Bai damu ba, ya san lambar. Ya kashe manhajar kariya, don wani lokaci ita ke tare hanya. Ya zare filash da linzami da duk abin da ke maƙale a jiki. Ya goge idon da ke karanta faifai da auduga. Ya saka wani. A daidai inda na farko ya tsaya, nan shi ma ya tsaya.

Auta ta shigo da kofin shayi.

"Baba, ga shi tun bai huce ba."

"Ajiye."

Bai ɗago ba. Ta ɗan tsaya a bayansa tana kallon laftop ɗin yayanta, sannan ta fita. Tun rasuwar haka suke, kalma ɗaya ko biyu, kamar masu haya a gida ɗaya.

Faifai na gaba ya kusa kaiwa ƙarshe, har Injiniya ya miƙa hannu. Sai ƙarar nan, sai rubutun nan. Wani abu ya taso masa daga ƙirji wanda ba fushin aiki ba ne. Ya fizgo faifan, ya karya shi biyu a tafin hannunsa, ya wurga ta taga da duk ƙarfinsa, cikin lungun da ke tsakanin bayan ɗakin da katanga, inda babu mai shiga sai ƙadangaru. Bai yi bisimilla ba. A daidai lokacin ladan ya ɗaga murya.

Ya ji wani ɗan sauti daga lungun, siriri, kamar kukan ɗan kyanwa da aka katse. Bai sake jin komai ba.

"Baban Auta, me ka jefar da magaribar nan?" in ji matarsa daga tsakar gida.

"Shara ce."

Bayan ya dawo daga masallaci dutsen farko ya faɗo a kan kwano. Suna zaune a falo. Na biyu ya biyo, na uku, sannan suka zubo kamar ƙanƙara. Ya ɗauki tocila ya fita yana cewa yaran unguwar nan sai an nuna musu iyakarsu. Layin babu kowa. Maƙwabcinsa yana zaune a ƙofar gida yana jin rediyo, ya ce shi bai ji komai ba. Ana kiran isha'i jifan ya ɗauke.

Haka aka shiga yi kullum. Da rana gida lafiya lau. Da zarar hasken yamma ya dushe, tsuntsaye suka yi shiru, sai wani nauyi ya sauko wa gidan, har cokali idan ya faɗi ƙararsa sai ta yi kamar daga cikin rijiya. Sannan duwatsu. Ba manya ba ne, irin tsakuwar da yara ke wasa da ita. Wata rana ɗaya ta faɗo a tsakiyar falo, silin kuwa babu huda. Uwargida ta ɗauka ta yar da sauri, ta ce da ɗumi kamar yanzu aka sake ta daga hannu. Daga baya aka fara jin murya daga lungun, muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana irin gunjin da uwa ke yi idan tana jijjiga jariri. Ba ta faɗin kalma. Idan aka haska tocila ta taga sai ta yi shiru, idan aka kashe ta ci gaba.

Injiniya bai bar aikinsa ba. Ya ce kowace matsala da dalilinta, wanda bai gano ba ne ke cewa asiri. Ya sayo faifai na wani kamfanin daban. Ya rage gudun rubutu. Ya sa kwamfutarsa ta binciki kanta ko akwai abin da ya lalace a cikin manhajarta, ta ce babu. Ya kawo wata na'urar rubuta faifai daga shago ya jona ta waje. Lambar kuskuren ta riƙa canzawa, yau wannan gobe waccan, har ta fara nuna masa wadda bai taɓa gani ba duk shekarunsa a sana'a. Wani lokaci tiren faifan yakan buɗe da kansa, ya tsaya, ya koma.

Sai ya yi dabara, ya rubuta faifan a shago da hantsi. Ya rubutu tsaf, ya gwada shi a wata kwamfuta ya yi aiki. Ya sa shi a gidansa na roba, ya sa a aljihun gaba, ya taho da yamma yana jin sauƙin da ya daɗe bai ji ba. Da ya buɗe a ɗakin Dogo, fuskar faifan duk ta karce, layi-layi, kamar an ja farce a kai.

Ya daɗe yana kallon faifan. Matarsa ta same shi a haka. Ta zauna a bakin gadon yaron, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da shi.

"Ka bar shi ya kwanta, Baban Auta. Tun da ka fara taɓa abin nan ba mu ga daidai ba."

"Meye haɗin dutse da kwamfuta?"

"Ni ban sani ba. Abin da na sani, gidan nan ya ƙi mu."

Ya juya faifan a hannunsa. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Jiya na kwanta ina so in tuna yadda yake kirana idan ya shigo. Na tuna fuskar, na tuna rigar. Muryar ta ƙi zuwa. Ta fara tafiya, kin gane? Tana cikin nan kaɗai."

Ta share ido da bakin mayafi ta tashi.

Da hankalinsa yana wajen 'yarsa, da ya riga matarsa ganin abin da ke faruwa da ita. Auta yarinya ce mai surutu, tana ajin ƙarshe a sakandare, ba ta iya cin abinci ba tare da ta ba da labarin wata malama ba. Sai ta daina labari. Sai ta daina cin abincin. Da la'asar ta yi sanyi takan je ta zauna a ƙasa ta jingina da bangon da lungun ke bayansa, ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjiga su a hankali. Idan uwarta ta kira ta sai ta waigo da jinkiri, kamar sunan na wata ce. An kai ta asibiti, an auna jini, an ce babu komai sai rashin barci.

Wata magariba aka neme ta aka rasa. Injiniya ne ya leƙa ta tagar ɗakin Dogo ya gan ta a lungun, inda ko kafaɗar mutum da ƙyar take shiga. Tana durƙushe tana tsince ɓarɓashin faifan nan daga ƙasa, yatsunta duk jini. Ya zagaya ya jawo ta. Jikinta ya yi nauyi kamar buhun siminti. Da suka fito tsakar gida ta ɗago ta dube shi, idon ba na Auta ba ne, muryar ma haka, ta babbar mace ce wadda kuka ya dusashe.

"Kai ne ka jefa."

Daga nan ta sulale ƙasa.

Washegari uwargida ba ta nemi shawararsa ba. Ta yafa mayafi ta tafi wajen wani malami mai ruƙiyya da ke koyarwa a wata makaranta a ƙarshen gari. Ya zo da la'asar, dattijo siriri mai tabarau, babu jaka babu tarkace, sai carbi da ƙaramin Alƙur'ani. Ya zauna a baranda ya saurari komai daga farko, bai katse kowa ba. Ya ce a nuna masa lungun. Ya tsaya a bakinsa ya yi sallama, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Injiniya, da ka jefa, ka ambaci sunan Allah?"

"Ban yi ba, Malam."

"To. Mu jira magariba."

Sun yi salla a gida. Aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Auta, uwarta ta rufe ta da babban mayafi ta riƙe ta ta baya. Injiniya ya zauna a bakin ƙofa. Haske ya gama janyewa daga taga. Tsakuwa ɗaya ta faɗo a kan kwano, ta gangara, ba a sake jin wata ba.

Malam ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba, yana tafiya a hankali, aya bayan aya. Da farko yarinyar tana zaune kamar gunki. Can yatsun ƙafarta suka fara rawa, rawar ta hau gwiwa, ta hau kafaɗa. Ta toshe kunnuwa. Ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa tabarma, sannan gunjin nan na lungu ya fito daga ƙirjinta.

"Ya isa, Malam," in ji muryar. "Ba gudu zan yi ba."

Malam ya dakata. "Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarsu. Kafin a kafa tubalin gidan nan muna wurin. Ba mu taɓa ɗaukar musu ko allura ba. Na ga ranar da aka kawo matar nan, na ga haihuwar yaran. Ranar da aka fita da dogon, ni ma na yi musu kuka."

"Musulma ce ke?"

"Da ba ita ba ce, da ba ka tarar da kowa a gidan nan ba."

"To me ya kai ki jikin yarinyar da ba ta yi miki komai ba?"

Kan Auta ya juya a hankali har ya fuskanci ƙofa.

"Tambayi wancan. Ɗana ya fito shan iska, bai daɗe da fara tafiya ba. Ina bayansa, taku kaɗan ne tsakaninmu. Abu mai ƙyalli ya fito ta taga ya same shi a wuya. Ko kuka bai gama ba."

Injiniya ya tuna ɗan sautin nan da ya ji. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ban gani ba. Wallahi ban san da kowa ba."

"Mai motar da ya buge naka ma haka ya ce. Ya sanyaya maka rai?"

Injiniya ya sunkuyar da kai.

Malam ya gyara zama. "Baiwar Allah, Allah ya ba ki haƙuri. Idan abin da kika faɗa gaskiya ne, an zalunce ki. Amma kin san kuskure ba ganganci ba ne, ba a ɗaukar rai a kansa. Kuma laifin uba ba ya hawa kan 'ya. Me kike nema?"

"Ita. Ya ɗanɗana."

"Ya riga ya ɗanɗana, ke shaida ce. Wannan ba za ki samu ba. Idan kin ƙi fita, zan ci gaba da karatu, kin kuma san abin da zai yi miki."

Wata dariya ta fito daga bakin yarinyar, marar daɗin ji, ta ƙare da shessheƙa.

"Ƙona ni, Malam. Wadda ta binne ɗanta da hannunta, me wuta za ta yi mata? Sai dai ka duba jikin da nake ciki. Rabonta da abinci tun yaushe? Kafin in ƙone, ita ta ƙare."

Malam ya dubi Auta, ya dubi wuyan hannunta da ya zama kamar sillen kara. Bai ci gaba da karatun ba.

"Ni ba na yanka wa aljani, ba na ba shi jini, ba na yi masa kyauta don tsoro," in ji shi. "Amma haƙƙi haƙƙi ne. Wanda aka kashe wa ɗa bisa kuskure, ko ya yafe ko ya karɓi diyya. Zaɓi ɗaya."

Hannuwan Auta suka koma ƙirji suna jijjiga.

"Na so in yafe," in ji muryar. "Na zauna a tagar nan kullum ina jira ya leƙo ya ga jini, ya ce wayyo. Bai taɓa leƙowa don haka ba. Yana can yana neman muryar nasa a cikin akwati. Shi yana da akwatin da ya ajiye masa dariyar ɗansa. Ni nawa ko 'Inna' bai iya faɗa daidai ba, babu abin da ya rage mini. Shi ya sa na hana faifan. To ga diyyata: abin da ke cikin akwatin nan. Muryar, da hotunan, duka. Ya ba ni da bakinsa, in tafi, in bar masa 'yarsa, in bar masa lungun. Mu zama daidai."

Malam ya juya wajen Injiniya. "Ka ji. Dukiyarka ce, ba zan ce maka dole ba. Irinsu sukan yi ƙarya, amma ban ji ƙarya a kukan nan ba."

Amsar a fili take, kowa a falon ya san ta, shi ma ya sani. Amma bakinsa ya ƙi buɗuwa. Ta ƙofar da ke bayansa yana iya hango ɗakin ƙarshen baranda da ɗan koren hasken caja a kan tebur. Ya ji kamar an sake kawo masa makarar, an ce shi zai fara ɗauka. Ya yi ƙoƙari ya kamo muryar yaron sau ɗaya kafin ya sake ta, ko da kalma ɗaya ce, ya laluba ko'ina a kansa, babu. Yana wannan lalube lokaci yana tafiya, bai san ya kai haka ba.

"Baban Auta," in ji matarsa. Ba ta ɗaga murya ba, amma bai taɓa jin ta kira shi haka ba.

Ya dubi 'yarsa. Rabon da ya dube ta sosai tun kafin rasuwar. Ya ga yadda ƙashin kumatunta ya fito, ya ga tsumman da aka ɗaure mata yatsu da shi.

"Ɗauki," ya ce. "Na ba ki. Ki yafe mini ɗanki."

"Na karɓa. Yafiya kuwa, ka bar ni tukuna."

Malam ya sa ta yi alkawari da sunan Allah cewa ba za ta dawo ba, ba za ta aiko ba. Ta yi. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Ya koma karatu. Jikin yarinyar ya miƙe ya sandare, ƙafar hagu ta yi ta karkarwa, sannan ta yi atishawa mai ƙarfi ta saki jiki a ƙirjin uwarta. Daga ɗakin ƙarshen baranda suka ji fankar laftop ɗin Dogo ta tashi da kanta, ta yi gudu na ɗan lokaci, ta tsaya.

"Mama, ƙishirwa nake ji," in ji Auta da muryarta.

Malam bai karɓi komai ba sai ruwan da ya sha. A bakin ƙofa ya ce wa Injiniya ya riƙa ambaton Allah kafin ya zubar ko ya jefar da wani abu, ya yi sadaka, ya yi wa yaran biyu addu'a, nasa da nata.

Ba a sake jifa ba. Auta ta fara cin abinci, da farko cokali kaɗan, daga baya sosai. Injiniya ya ɗauki kwanaki bai shiga ɗakin ba. Ranar da ya shiga, da safe ne. Ya zura faifai a tasa kwamfutar, ya yi bisimilla. Koren layin ya tafi sumul har ƙarshe, babu ƙara babu lamba. Ya saka wa ta Dogo, ta karɓa, ta gyara hanyar tashinta cikin 'yan mintuna kamar yadda ya san za ta yi tun ranar farko. Ya shigar da kalmar sirrin da yaron ya taɓa faɗa masa. Ta buɗe.

Ma'ajiyoyin suna nan yadda yaron ya tsara su, amma duk wadda ya buɗe fayau take. Duk da ya san alkawarin da ya yi, sai da hannunsa ya kai ga manhajar da yake dawo wa mutane da abin da suka goge. Ya tsaya da yatsa a kan madanni. Ya janye hannun.

A haka Auta ta same shi. Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, ta kalli allon, ta gane.

"Baba."

"Na'am, uwata."

"Ranar nan ina ciki. Ba na iya motsi, amma ina jin komai." Ta murza tabon da ke yatsanta. "Da ta tambaye ka, ka yi shiru."

Ya so ya ce mamaki ne ya kama shi, ko bai ji da kyau ba. Ya dubi fuskarta ya ga ba ƙaramar yarinya ba ce.

"Na yi shiru."

"Ka daɗe."

"Na daɗe."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

"Na yi ta jin haushinka. Sai na tambayi kaina, da ni aka ce in ba da muryar Yaya, da sauri zan amsa? Ni ma fa kullum ina tsayawa a bayanka ina jira ta buɗe. Ba ka taɓa waigowa ba ne."

Nan abin ya karye masa. Tun ranar jana'iza mutane ke yaba masa dauriya, ko a maƙabarta bai zubar da hawaye ba. Ya kifa kai a kan tebur tsakanin kwamfutocin biyu ya yi kuka irin na wanda ya manta yadda ake yi, da ƙara da shaƙewa. Auta ta dafa bayansa tana nata. Uwargida ta zo bakin ƙofa ta gan su, ta koma ta ja musu labule.

Da rana ta ɗaga, ya wanke fuska ya dawo. Ya ce na'ura ce mai kyau duk da tsufanta, bai kamata ta zauna tana shan ƙura ba, ga jarrabawa tana matsowa. Ya share rumbun gaba ɗaya ya ɗora sabuwar manhaja, Auta tana miƙo masa abin da ya nema. Da aka zo ƙarshe, kwamfutar ta tambayi sunan mai ita. Ya tura mata.

Ta daɗe da yatsu a saman madannan. Ya ga ta kai hannu wajen harafin farko na sunan yayanta, ta tsaya. Ta dube shi. Sai ta rubuta nata, a hankali, da yatsa ɗaya, shi kuma yana bin haruffan da ido har ta gama.